Na Ƙetare Iyaka Don Koyon Cin Tuwo

To, ku matso ku ji sau ɗaya, don wallahi na gaji. Tun da na dawo daga Katsina ban samu sakat ba a tashar nan ta Madarumfa. Wanda ya tare ni sai, "Isuhu, yaya Ingilishi, ƙasar Najeriya? An yi maka allurar? Hannun ya tashi?" Wani ma ba ya tambaya, hannun zai kama ya ɗaga ya saki, ya ga ko zai faɗi. Zai faɗi, malam, ka hutar da kanka. Ga labarin tun daga tushe, wanda bai zo ba ku kai mishi.

Kun dai san tansiyo ce, hawan jinin nan, ta kayar da ni bara bayan girbi, ni da na tsufa ina jan mota tsakanin Maraɗi da Jibiya ko ciwon kai ban sani ba. Ɓarin dama ya shanye. Da aka yi ta gashi a asibitin Maraɗi ƙafa ta dawo, ina jan ta da sanda, baki ma ya miƙe, ga shi kuna ji. Hannun dama ne ya ce shi kam ya ajiye aiki.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya fi ci mini rai. A unguwarmu, in an sallame magariba, kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa ƙofar gidan Malam Habu, a shimfiɗa tabarma a yi ciyayya. A buɗe kwano ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Tun da na yi aure nake kan tabarmar nan. Da ciwo ya zo, kwanon gidana ya ci gaba da fita, ni ne ba na fita. Ina ɗaka, an saki labule, matata Rabi na ɗura mini kunu da ludayi tana "sannu, ƙara kaɗan," ni kuma ina jiyo dariyar abokaina ta kan katanga. Namiji da furfura, ana share mishi baki da gefen zani. Na yi kuka a ɗakin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Masu dubiya kuwa, Allah ya saka musu da alheri, ya kuma raba ni da su. Su shigo su zauna, ga ni zaune ido biyu, su dubi Rabi su ce, "Ya kwana? Yana cin abinci?" Sai ka ce an riga an kai ni. Kowa da maganinsa a baki. Wannan ya ce kitsen mesa, wancan ya ce iskokin tabki ne na taka musu ɗa da taya, a yi hayaƙi. An turara ni har na fara ƙamshin kifin banda. Hannu ko motsi.

Lokotoron Maraɗi ne, likitan da ke duba ni, ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Baba, abin da ya rage ba na ƙwaya ba ne. Akwai masu koya wa irinku yadda za su ci, su sa tufa, su kama ruwa da kansu, da jikin da ya rage musu." Ya faɗi sunan aikin da Faransanci, sunan da ko da lafiyata ya fi ƙarfin bakina. Ya ce ko Yamai ko Katsina. Katsina ga ta nan bayan gida, kuma Rabi na da ɗan'uwa can. Ni dai na ƙudurta a raina cewa ba a tura mutum ƙetaren iyaka sai da dalili, lalle akwai wani inji da ake cusa hannu ya fito yana rawa.

Da hantsi muka shiga motar haya. Direban ya san ni, ya girmama ni da kujerar gaba, ni da wani ƙato mai buhun tattasai a cinya. Ku direbobi ne, ku roƙi Allah kada ya nuna muku ranar da za ku zauna gefen wani yana tuƙi. Ƙafata tana ta taka birkin da babu. Duk ramin da ke tsakanin nan da Ɗan Issa sai da mutumin nan ya shiga, kamar ya ba da ajiya a ciki. Na ce, "Kai, canza bitas mana, sa mata wata giya, ba ka jin motar na kuka?" Ya ce, "Baba, ka huta, zamaninku ya wuce." Mai tattasai ya yi atishawa a wuyana, na goge da hagu.

A Ɗan Issa Rabi ta zaunar da ni kan benci a rumfar wani mai shayi, ta tafi wurin ƴan canji. Hannun nan inda ka ajiye shi nan yake zama, ranar kuwa ya kwanta a gwiwata tafi a sama. Sai ga wata hajiya ta sauko daga mota, ta zo wucewa, ta saka mini kuɗi a tafin, ta ce, "A yi muna addu'a, bawan Allah." A Ɗan Issa! Garin da ƴan duwan, masu binciken kaya a iyaka, ke kirana da suna tun suna sababbin zuwa! Na yunƙura in jefa mata abinta, hannun da kuɗin ke ciki ya ƙi jin magana, kafin in kai hagu ta shige cikin mutane. Mai shayi ya juya baya yana fifita wuta, kafaɗunsa na rawa. Rabi ta dawo da damin naira tana murna ɗan abin da muka zo da shi ya haihu. Na ce mata ta bari mu isa a sayar mata da ruwan leda tukuna.

Da muka shiga ɓangaren Najeriya, wani mai kaki ya leƙo ya ce kowa ya fito da katinsa. Na zaro kartidantite da hagu na miƙa. Ya ƙi karɓa.

"Tsoho da kai, hagu za ka miƙo mini? Haka ake yi can wurinku a Faransa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga na daman nan. In ka iya tashe shi ka karɓa daga gare shi, ka hutar da ni zuwa Katsina." Na ɗago shi da hagu na ɗora mishi a taga.

Ya duba, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya wuce ko katin bai buɗe ba. Mutanen mota suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Tunanin da ya zo mini shi ne, in baƙo ya ƙi karɓar takarda daga hannun nan, wa zai yarda ya haɗa kwanon tuwo da shi? Daga Jibiya zuwa Katsina shinge ne bayan shinge, kowa ya kama bakinsa yana salati, ni ma na kama nawa.

Masaukinmu gidan Alhaji Mudi ne, ɗan kawun Rabi, mai sayar da kayan gyaran babur. Mutumin kirki, ya ba mu ɗakin ƙofar gida, ya kuma kira maƙwabta su zo su ga baƙinsa daga Faransa. Wani a cikinsu ya matso kusa da kunnena ya ɗaga murya ya ce, "Kana jin Hausa?" Na ce, "Kaɗan-kaɗan. Kakanninmu da suka tashi daga garin nan da ita suka tafi Maraɗi, ragowar da suka bar muku ce kuka cike da Turanci." Ai kuwa gaskiya na faɗa. Ka yi tuntuɓe su ce sori, ka yi tari su ce sori, ka gaya musu mutuwa ma su ce oke. Kuran kuma, wutar lantarkin da suke sayar muna, su ba su da ita. In ta zo sai ka ji unguwa ta ɗauki ihu, kowa ya ruga da wayarsa.

Abinci kam kada ku tambaye ni. Shinkafa da safe, taliyar leda da rana, shinkafa da dare. Fura ma a cikin roba take, daga firigo, an cika ta da sukari har ba ka jin hatsin. Na roƙi matar Alhaji tuwon hatsi da miyar kuka, ta ce wannan ai sai ƙauye. Na ce to ƙauye ya gode.

Washegari muka je asibitin. Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, har muka iso wani ɗaki a can ƙarshen baranda. Na shiga ina neman injin da ido. Abin da na gani: tabarma, buta, kwanuka, tukunya da muciya, rigar maza a rataye, wando, faifai da ɗan wake a kai. Na ce wa Rabi, "Mun yi ɓatan kai, wannan ɗakin matar wani ne." Sai wata yarinya sa'ar ɗiyata ta taso, farar riga a kan atamfa, ta ce sunanta Malama Hadiza, nan ne wurin. Tabɗi! Na ƙetare iyakar ƙasa, an yi mini sadaka a hanya, don a nuna mini buta.

Ta zaunar da ni, ta zauna gabana, ta ce, "Baba, me kake so ka iya yi da kanka?"

Na juya na dubi Rabi, don na saba ita ake tambaya.

Ta ce, "Kai nake tambaya, Baba."

Na ce ina so in ja mota. Ta murza kafaɗar, ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta ce in matse yatsunta, ban matse komai ba. Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Mota ba yanzu ba, wataƙila ma ba nan gaba ba. Bayan ita sai me?" Kai, yarinyar nan ba ta san a shafa wa magana mai ba. Sai na gaya mata zancen ciyayya, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni a ƙasa ake ajiye kwanon ko a kan wani abu, mutum nawa ke zagaye shi, tuwon mai tauri ne ko mai laushi.

Ta ce, "In da hagu ne, kafin mako ka iya. Malamai ma sun ce lalura ce, Allah ya yafe."

Na ce, "Ɗiyata, Allah kam ya yafe. Mutanen unguwarmu ne ban sani ba. Kowa ya san hannu ɗaya gare ni, kowa kuma ya san inda yake zuwa da asuba."

Nan ne ta yi dariya. Ta ce to a raba aiki. Hagu ya ɗauki buta da riga da wando. Dama kuwa, yatsu sun tafi amma kafaɗa da gwiwar hannu da sauran rai, za a ɗaura mishi cokali, sai dai zai ɗauki lokaci kuma zan sha wuya. Na ce wuya ai ita na baro a gida.

Ta ce in tuɓe riga. Kafin ta rufe baki Rabi ta miƙe ta kama wuyan rigar. Malama ta ce, "Mama, zauna. Riƙe mini faifan nan da hannu biyu, kada waken ya zube." Haka matata ta zauna riƙe da faifai har aka tashi, ni kuma kaina ya maƙale cikin riga ina huci ina neman ƙofa. Kullum muka zo, faifan nan na jiran ta. A hanyar komawa masauki Rabi ta ce, "Wagga yarinya ba ta da imani. Ko uwar wa ta haife ta?" Amma dabarar rigar na kama ta: mataccen hannu shi ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Wando kuwa aka zare mishi mazagi aka sa roba irin ta yara. Na yi gardama, ta ce in na iya ɗaure mazagi da hannu ɗaya kafin fitsari ya ci ƙarfina, a mayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce a bar robar.

Ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Akwai wani Alhaji da ya zo da babbar riga da mutum biyu, ɗaya riƙe da wayarsa ɗaya riƙe da takalmi. Aka ba shi riga ya sa maɓalli, ya ce shi ya zo a yi mishi ne, ba ya yi ba, in sa maɓalli ne yana da masu yi a gida. Ya fita, ba mu sake ganinsa ba, Allah ya bar mishi masu maɓallinsa. Akwai kuma Iya Tabawa, wata tsohuwa daga ƙauye, irin ciwona gare ta, tana koyon ɗaura zani da hannu ɗaya, ta danne gefe da bango ta juya jiki. Bakinta ya fi nawa. In an ba mu wake mu kwashe da cokali daga kwano zuwa kwano, sai ta leƙo ta ce, "Kai mutumin Faransa, tun safe ƙwaya ɗaya? A garinku haka maza suke?" Wallahi rabin abin da na iya, don kada tsohuwar nan ta riga ni ne.

Cokalin, an kumbura mishi mariƙi, an zura shi cikin wani maɗauri da ke zagaye tafin hannu. Ranar da aka fara da tuwo na gaske, na ciyar da kunnena, na ciyar da gemuna, bango ma ya samu rabonsa. Kafaɗa ta yi ta zogi kamar na yini ina canza tayar kamiyo, babbar motar kaya. Da na fara kai loma baki a kan tebur, ina jin kaina, sai Malama ta kwashe teburin. Ta ce abokanka ba a tebur suke ci ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwano ɗaya a tsakiya, ta zaunar da ni da Iya Tabawa da wasu biyu, ta ce bisimilla. Miƙa hannu ƙasa a ɗebo a dawo da shi, ashe wani karatu ne daban. Muka koma farko.

Maɗaurin ne bai yi mini ba. Fari ne fat, daga nesa ka gane kayan asibiti, irin abin da ke jawo "sannu" tun daga bakin titi. Na roƙi Alhaji Mudi tsohon shambur na babur, robar nan ta cikin taya, na taka da ƙafa, na yanka da hagu, na yi nawa baƙi. Malama ta ja shi, ta duba ko yana matse jini, ta sa aka yi mishi shafi da ƙyalle ta ciki, ta ce ya yi.

A masauki ma ba a bar ni na huta ba, ni da kaina nake ci. Wata rana matar Alhaji ta shigo ta tarar miya na bin gwiwar hannuna, Rabi na zaune gefe ta harɗe hannuwa. Ta ce, "Haba Rabi! Mijinki na wannan fama kina kallo? Ba ki tsoron bakin duniya?" Rabi ta ce, "Ina kallo, Hajiya. Kallon nan ya fi ba shi wuya, ki tambaye ni." Ba ta kuwa taɓa cokalin ba. A ranar na cinye kwanona tas.

Da Malama ta sallame mu, ta ce in riƙa motsa kafaɗar kullum, in kuma dawo a duba ni bayan damina. Iya Tabawa ta ce in gaida matan Faransa. Dawowa ba wani labari, sai dai wannan karon a Ɗan Issa na kife tafin hannuna a kan gwiwa.

Ranar da muka iso, ana sallame magariba, kwanon gidana ya fita, na ɗauki sanda na bi bayansa. Ina isa ƙofar Malam Habu hira ta mutu. Kowa ya miƙe, sannu, sannu, wannan ya kama ni, wancan ya ruga ya ɗauko matashi. Na zauna. Sai Malam Habu, da zuciya ɗaya, ya ce, "A zuba wa Isuhu nashi daban, kada a matsa mishi." Maganar nan ta soke ni fiye da sadakar hajiya. Na ce ba wanda zai zuba mini daban. Na zaro cokali, na ja robar da haƙori, na ɗaura.

Kwanon farko, don Allah ya gwada ni, miyar kuɓewa ce. In ɗebo ta zame, in ɗebo ta zame. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi magana. Maza bakwai da na sani da haɗama, ga su suna tsakurar tuwo kamar amare, idonsu a ƙasa, kowa na turo mai kyau gabana. Na ce a raina, in haka za a riƙa yi, gara labulen Rabi, daga yau ba na sake fitowa.

Aka jawo kwano na biyu, daga gidan wani masunci, da tsokar kifi guda babba a sama. Nan da nan aka mirgino ta gefena. Ina cikin bin ta da cokali sai ga Ɗanjuma, taubashina, ɗan gwaggona, ya iso a makare. Ya wanke hannu, ya kutsa tsakanina da Malam Habu ko sannu bai ce mini ba. Na samu kifin ya hau cokali da ƙyar, na ɗago, hannu na karkarwa, ya kai rabin hanya. Ɗanjuma ya miƙo hannu ya ɗauke shi daga kan cokalin ya jefa baki.

Ya ce, yana tauna, "An ce ka je Ingilishi koyon ci. Ashe lallashin kifi aka koya maka."

Malam Habu ya ce, "Haba Ɗanjuma! Marar lafiya fa!"

Ya ce, "Marar lafiya na ɗaka. Wanda ya zo tabarma ya yi sauri."

Ban san lokacin da na ɗaga hannun nan na sauke mishi cokali a bayan yatsu ba. Na zage shi, na zagi gemunsa, na tuna mishi tun muna yara ɓarawon kwano ne. Ya yi ihu yana yarfe hannu yana cewa a shaida, gurgu ya fasa mishi yatsa. Tabarma ta ɗauki dariya, Malam Habu har da ƙwarewa. Kafin in sake ɗaura robar da ta zame, hannuwa sun koma kwano yadda na san su, ba mai turo wa wani komai. Na kutsa da cokalina ina ture na kusa da gwiwar hannu, abin da na samu na samu.

Da na koma gida Rabi na tsaye bakin ƙofa, ashe tun fitata ba ta zauna ba. Ta dubi rigata da ta sha miya, ta ce, "Ka ƙoshi?"

Na ce, "Ina fa! Ɓarayin nan ba su bar mini komai ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya tana hawaye. Na dogara sanda na shige ciki.